Ɓacewar Baƙin Albarushi Daga Kantunan Amurka: Nazari a Kan Doka, Madadi da Bindiga Mai Ƙanƙara

Tsakure

Maƙalar nan ta duba dalilin da ya sa baƙin albarushi, wanda ake ɗura wa bindigar toka, ya yi wuyar samu a kantunan Amurka. Bayanin da ya fi yawo shi ne fashewar da ta tsayar da masana'antar GOEX a 2021. Maƙalar ta kafa hujja cewa ƙarancin ya girmi fashewar. Dokar da ta sauke wa mai saye nauyi ta ɗora wa mai sayarwa, da albarushin madadi da ya janye yawancin masu ciniki tun shekarun 1970, su suka raba mai kanti da wannan haja. Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne mai bindigar ƙanƙara, domin shi ba shi da madadi.

Gabatarwa

Bindigar da ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ita ce a kafaɗar maharba, ita 'yan bindigar sarki ke bugawa ranar hawan salla. A Amurka irinta ta daɗe da barin fagen yaƙi, amma ta samu mazauni a farauta da gasar saiti da kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi. Ƙungiyar masu harba ta ta ƙasa, wato NMLRA, an kafa ta tun 1933, kuma matattararta na garin Friendship a jihar Indiyana. Sha'awar ta bunƙasa bayan kamfanin Thompson/Center ya fito da bindigarsa samfurin Hawken a 1970, bikin cikar ƙasar shekara 200 a 1976 ya ƙara mata armashi, jihohi kuma suka ware wa masu ita lokacin farautar barewa na musamman. Abincin wannan bindiga gari ne mai haɗi uku: kusan kashi 75 cikin ɗari gishirin fotasiyam naitret, kashi 15 gawayi, kashi 10 farar wuta. Ana sayar da shi a gwangwani mai laba ɗaya, kimanin giram 454, an rarraba shi gwargwadon laushi daga Fg mai manyan ƙwayoyi zuwa FFFFg mai kama da ƙura. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce yadda aka yi wannan gwangwani ya bar kanta, alhali bindigoginsa suna nan rataye a kanti guda.

Masana'anta ɗaya tilo

Dole a fara da bayanin da kowa ya sani, domin yana da ƙamshin gaskiya. Kamfanin DuPont, wanda aka kafa a 1802 a gaɓar rafin Brandywine a jihar Delawe, da baƙin albarushi ya soma. A farkon shekarun 1970 ya wanke hannunsa daga sana'ar, masana'antarsa ta Moosic a jihar Pensilbeniya ta koma hannun waɗanda suka zama GOEX. A 1997 aikin ya ƙaura zuwa Camp Minden a jihar Luwiziyana, a 2009 kuma kamfanin Hodgdon ya saye shi. Ƙasar gaba ɗaya kuwa ta dogara da wuri ɗaya. A watan Yuni na 2021 aka yi fashewa a masana'antar, a watan Satumba Hodgdon ya ba da sanarwar rufe ta, sai a farkon 2022 Estes Energetics, ɗan'uwan wani kamfani mai ƙera rokokin wasa, ya saye ta, aiki kuma bai dawo ba sai 2023. A tsakanin nan sai da albarushin ƙetare: Swiss daga Aubonne a Suwizalan, da Schuetzen na kamfanin WANO a Jamus. Waɗanda da can suke cike giɓi, Elephant na Brazil da KIK na Slobeniya, sun riga sun daina fitowa.

Duk wannan ya bayyana dalilin da ya sa 'yan sari suka rasa kaya na kusan shekara biyu. Bai bayyana dalilin da ya sa kantin unguwa ba shi da gwangwanin ba tun GOEX na aiki gadan-gadan, bai kuma bayyana dalilin da ya sa bai koma kan kanta ba da aikin ya dawo. Idan rijiya ta ƙafe kowa zai rasa ruwa, amma wanda ya jefar da gugarsa tun rijiyar na cike, ba ƙafewar ce ta hana shi sha ba. Abin bincike shi ne me ya sa mai kanti ya jefar da gugar.

Nauyin da ke kan mai sayarwa

Amsar tana cikin dokar tarayya ta 1970 da ta tsara sha'anin abubuwan fashewa. Dokar, a yadda take yanzu, ta yafe wa mai saye: muddin albarushin na masana'anta ne, bai wuce laba 50 ba, kuma don wasa ko nishaɗi ko al'ada za a yi amfani da shi a bindiga irin ta da, ba ya buƙatar izini. Rangwamen bai kai ga mai sayarwa ba. Shi sai ya mallaki lasisin dillancin abubuwan fashewa daga hukumar tarayya ta ATF, wanda daban yake da lasisin sayar da bindiga, ana sabunta shi duk shekara uku. Sai ya tanadi ma'ajiya mai ƙa'idar gini da kulle, ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya karɓi masu duba gari. Wata doka ta 2002 ta ƙara da binciken tarihin masu kula da kayan. Wani abin lura shi ne ma'ajiyar cikin gini ba ta wuce laba 50, wato daidai abin da aka yarda mutum ɗaya ya saya ba tare da takarda ba. A bisa doka ke nan, mai saye ɗaya na iya kwashe kantin kaf. Bayan wannan ga dokar kashe gobara da garuruwa da yawa ke bi, wadda ta yarda a baje laba 20 na albarushi marar hayaƙi, wato na harsashin zamani, a gaban masu ciniki, amma laba ɗaya kacal na baƙi. Ga kuma kamfanin inshora da mai gidan haya, waɗanda kalmar abin fashewa kaɗai ta ishe su tsuke fuska.

Wannan nauyi da kansa bai isa ya kori hajar ba. Da babu wani abin ɗurawa sai baƙin albarushi, da mai kanti ya jure, ya ɗora kuɗin wahalarsa a kan farashi. Abin da ya sauya lissafin shi ne Pyrodex, albarushin madadi wanda Dan Pawlak ya ƙirƙira, ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1970. Ana auna shi da mudun da ake auna baƙin, yana hayaƙi irin nasa, amma bai kai shi saurin kamawa ba, don haka aka sa shi a sahun albarushi marar hayaƙi wajen jigila da ajiya. Mai kanti zai jera shi kusa da harsasai ba tare da sabon lasisi ba. A 1985 Tony Knight ya fito da MK-85, bindigar ɗuri mai siffar bindigar zamani wadda wutarta ke shiga kai tsaye ta bayan albarushin, daga baya irinta suka koma amfani da hular tartsatsi mai zafi ta harsashin bindigar tsuntsu. Sai aka samu Pyrodex dunƙulalle, aka samu Triple Seven, a 2008 aka samu Blackhorn 209. Mafi yawan mafarauta lokacin farauta na musamman suke so, ba tarihi ba, sai suka bi sauƙi. Mai kanti ya waiga ya ga cewa zai iya gamsar da galibin masu zuwa wurinsa ba tare da ma'ajiya ko mai duba gari ba. Ba doka ce ta hana shi sayar da baƙin albarushi ba. Madadin ne ya sa bin dokar ya daina biyan kansa.

Za a iya cewa to ai kasuwa ce ta yi aikinta, sabon abu ya ture tsoho, babu abin kuka. Wannan magana tana tsayawa ne idan madadin ya maye gurbin a ko'ina, kuma bai maye ba. Bindiga mai ƙanƙara tana tashi ne idan dutsen ya kafci ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan kasko mai garin albarushi, wutar ta bi ta 'yar kafa zuwa cikin bututu. Wannan tartsatsi ba shi da zafin da zai kunna madadin yadda za a dogara da shi, kuma masu yin madadin da kansu sun faɗi haka. Siffar da ta sa aka sassauta wa Pyrodex, wato wuyar kamawa, ita ce ta hana shi aiki a wannan bindiga. Masu ita ba su ƙi madadi don taurin kai ba. An bar su ne a matsayin 'yan tsirarun da ba za su iya ɗaukar nauyin ma'ajiyar kanti su kaɗai ba.

Akwai kuma masu cewa intanet ta share hawayen kowa, tunda akwai dillalan da ke aikawa har ƙofar gida. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Gidan waya ba ya ɗaukar albarushi, kamfanonin jigila kuma suna karɓar kuɗin kaya masu haɗari a kan kowane kwali, ko gwangwani ɗaya ne a ciki ko 25, wanda shi ne iyakar kwalin. Laba ɗaya giren 7000 ce, idan ana ɗura giren 80 za ta ba da harbi 87. Ɗan gasa, ko ƙungiyar masu harba igwa a filin kwaikwayon Yaƙin Basasa, za su ci kwali guda ba wuya, kuɗin jigilar ya narke a cikinsa, shi ya sa ƙungiyoyi ke haɗa kuɗi su yi sari. Mafaraucin da gwangwani ɗaya zai kai shi baɗi, da sabon shiga da ke son ya gwada kafin ya zurma, su ne kuɗin ke faɗa wa a ka. Intanet ta riƙe tsofaffin hannu, ƙofar shiga kuwa ta ƙara tsukewa.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba a raina ta. Baƙin albarushi yana kamawa da ɗan tartsatsi, yana ci da gaggawa ko ba a tsare shi a bututu ba, ba kamar marar hayaƙi ba. An yi asarar rayuka a fashe-fashen da aka yi a masana'antar Moosic a shekarun 1990. Sai dai waɗannan haɗurra na wurin niƙa da matsewa ne, inda kayan ke jibge, kuma madadin ma bai tsira daga irinsu ba: Pawlak kansa ya rasu a fashewar masana'antar Pyrodex a 1977. Game da gwangwani rufaffe kuwa, Ma'aikatar Sufuri ta yarda a sauke baƙin albarushin ƙananan bindigogi daga ajin abin fashewa zuwa ajin abu mai kamawa da wuta, idan yana cikin gwangwanayen laba ɗaya kuma bai wuce laba 100 a mota ba. Gwangwanin da gwamnati ta sassauta wa a bayan motar da ke ratsa tsakiyar gari, shi ne ke komawa cikakken abin fashewa da zarar an sauke shi a kanti. Ana iya kare kowane ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen biyu, amma kare su tare yana da wuya.

Dawowar masana'antar Minden ma ba don maharba kaɗai aka yi ta ba. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito a 2023 cewa sojan Amurka na buƙatar baƙin albarushi a matsayin makunni a cikin makamai iri fiye da 300, Ma'aikatar Tsaro kuma ta sa kuɗi wajen farfaɗo da wurin. Wannan ya ba da tabbacin cewa za a ci gaba da niƙa garin, amma bai taɓa ko ɗaya daga cikin dalilan da suka fitar da shi daga kanti ba. Alƙiblar masu ƙera bindigar ma ta nuna haka: a 2020 kamfanonin Federal da Traditions suka fito da FireStick, inda albarushin madadi ke zuwa a rufe cikin kwanson roba, dalmar kaɗai ake ɗurawa ta baki.

Jihar Pensilbeniya, inda masana'antar take kafin 1997, tana da lokacin farautar barewa da ke farawa bayan Kirsimeti, wanda tun 1974 aka keɓe wa bindiga mai ƙanƙara. Jiha ce ta ce sai da wannan bindiga, bindigar kuma ta ce sai da baƙin albarushi. Kantin da ya sayar wa mafarauci lasisin farautar, da bindigar, da dalma, da dutsen ƙanƙarar, babu abin da ya tilasta masa ajiye gwangwanin, kuma yana da dalilai da dama na ƙin ajiye shi.