Daɗin Ci da Nauyin Jiki: Tarihin Wata Tambaya da Kalmomin Hausa da Suka Shafe Ta

1. Gabatarwa

Duk wanda aka ɗora wa aikin juya ɗan littafin kiwon lafiya daga Faransanci zuwa Hausa domin azuzuwan yaƙi da jahilci, ba ya nisa sai ya ci karo da kalmomin nan biyu, watau obésité da gourmandise. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa ƙiba a gurbin ta farko, a sa kwaɗayi a gurbin ta biyu, sa'an nan a ɗaure su da jimla guda, a ce kwaɗayi ke kawo ƙiba. Jimlar tana da sauƙin karantawa ga sabon ɗalibi, amma tana ɗauke da da'awa biyu: ta farko, cewa ƙiba aibi ce a kunnen Bahaushe; ta biyu, cewa jin daɗin abinci shi ke yanke nauyin jikin mutum. Wannan maƙala tana bin tarihin tambayar daga Sahel zuwa ɗakunan bincike na Turai da Amurka, domin a ga ko da'awar biyu za su tsaya, kuma a ga waɗanne kalmomi ne suka dace da littattafan karatun manya.

2. Ƙiba a Sahel kafin zuwan sikeli

Wata daɗaɗɗiyar shaida a rubuce game da ƙiba a yankin da ya zama Nijar ta fito ne daga matafiyin nan Ibn Batuta. A shekara ta 1353, yana kan hanyarsa daga Gawo zuwa Takadda, wadda yawancin masu bincike ke ajiye ta a Azelik ta ƙasar Ingal, ya ratsa cikin wasu makiyaya da ya kira Bardama. Ya yaba kyan matansu, ya ce bai taɓa ganin masu ƙiba irin tasu ba, ya kuma bayyana abincinsu: nonon shanu da dakakken hatsi ɗanye, a dama da ruwa a sha safe da yamma. Wanda ya san gumba da fura ba zai rasa gane wannan abinci ba.

Al'adar ba ta ɓace ba. Rebecca Popenoe, wadda ta zauna cikin Larabawan Azawak a arewacin Tawa, ta nuna a littafinta na 2004 cewa ana soma ɗura wa yarinya nono da kunun hatsi tun lokacin da ta fara famfarar haƙori, a ci gaba har ta isa aure. Zabarmawa kuma suna da bikin hangandi, inda mata ke shirin ƙiba a yi gasa. Abin lura a nan shi ne, ɗurar da ake yi a Azawak tana buƙatar tsohuwa mai tsawatawa a zaune kusa da ƙwarya, domin yarinyar takan ƙoshi, abincin ya ginshe ta, tun ba ta shanye abin da ake so ta sha ba. Da daɗin ci kaɗai yana isa ya ƙibantar da mutum, da ba a nemi tilas ba.

Darajar da aka bai wa ƙiba tana da tushe cikin tarihin yunwa. Ƙasar Hausa ta ga Kakalaba a 1913 zuwa 1914, ta ga yunwar fara a 1931, ta ga farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, ta kuma ga matsalar abinci ta 2005 wadda ta cika cibiyoyin jinyar yara a Maraɗi da Damagaram. Ko a shekarar albarka, rumbu yakan yi ƙasa a tsakiyar damina, daidai lokacin da aikin gona ya fi tsanani. A irin wannan zama, rama ita ce alamar ciwo ko talauci ko ɓacin rai. Harshe ya riƙe wannan: idan an ce amarya ta yi ƙiba, ko ta murje, ko ta yi ɓul-ɓul, yabo ne gare ta da mijinta. Daga saiwar ƙoshi ne aka sami ƙosasshe, kuma ita ce dai a cikin ƙoshin lafiya. Da'awar farko ke nan ta faɗi.

3. Daga zargin kwaɗayi zuwa lissafi

A Turai ta zamanin da, malaman coci sun lissafa zarin ci cikin manyan zunubai bakwai, saboda haka aka daɗe ana duban mai teɓa da idon zargi. A 1825 wani alƙali Bafaranshe, Brillat-Savarin, ya buga littafinsa Physiologie du goût, inda ya raba gourmandise, watau sanin daɗin abinci da girmama shi, daga haɗama. Da ya zo lissafa dalilan teɓa, sai ya fara da halittar mutum, sa'an nan ya kawo gari da sukari, da yawan barci da rashin motsa jiki. Ashe tun a Faransancin ma kalmar ba ta yi daidai da kwaɗayi ba.

A cikin shekarun 1830 masanin lissafi Adolphe Quetelet na Beljiyam ya lura cewa nauyin baligi yana tafiya da tsawonsa in an ninka tsawon da kansa. A 1972 Ancel Keys ya farfaɗo da wannan lissafi, shi ne ma'aunin da asibitoci ke aiki da shi: a raba nauyi na kilo da ninkin tsawo na mita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki ƙasa da 18.5 a matsayin rama, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma shi ne obésité. Kalmar likita ce mai iyaka ta lissafi. Ma'aunin ya ba da hanyar ƙidaya, amma bai faɗi dalilin da ya sa wani ke hawa wani ke tsayawa ba.

4. Yadda aka gano jiki yana tsare nauyinsa

Amsar ta soma fitowa daga binciken yunwa. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minesota, Keys ya rage wa samari 36 abincinsu da kimanin rabi har mako 24. Sun zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Jikinsu ya rage ƙona abinci, sanyi ya dame su, hirarsu da mafarkinsu suka koma kan abinci, wasu har suka shiga tara littattafan girki. Da aka sake su, sai suka yi ta ci ba ƙoshi, kitsensu ya zarce na da kafin ya daidaita. Waɗannan mutane ba halinsu ne ya ɓaci ba. Ramar ce ta haifar da zarin.

Gwajin da ya juya wannan ya faru kusa da gida. Masawa na bakin kogin Logon, a arewacin Kamaru da Cadi, suna da al'adar guru walla, inda saurayi ke keɓewa ya yi ta cin tuwon dawa da nono domin ya yi ƙiba. Patrick Pasquet da abokan aikinsa sun bi samari 9 cikinsu, suka buga sakamakon a 1992: cikin wata biyu sun ƙaru da kimanin kilo 17 a matsakaici. Da aka sake auna su bayan shekara biyu da rabi, sai aka tarar sun koma nauyinsu na farko, ba tare da wani ya hana su ci ba.

Sai batun gado. A 1986 Albert Stunkard ya duba ƴaƴan riƙo 540 a Danmak, ya tarar nauyinsu bayan sun girma ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka ciyar da su ba. A 1990 Claude Bouchard, a Kebek ta Kanada, ya ƙara wa tagwaye masu kama ɗaya, su 24, kalori 1000 a kan abincinsu, kwana shida a mako, cikin kwana 100. Ƙarin abincin ɗaya ne, amma wani ya ƙaru da kilo 4.3, wani da kilo 13.3, kuma kowane ya fi kusa da ɗan tagwaicinsa. Masu turkar raguna sun riga sun san haka: balami da ara-ara, ko an ba su dusa da harawa mudu ɗaya, ba za su kai Layya da jiki ɗaya ba.

A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano sinadarin da aka sa wa suna leptin, ta hanyar binciken wani irin ɓera mai teɓa da aka sani tun 1949. Kitse ne ke fitar da shi cikin jini, yana shaida wa ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. In ajiya ta ragu, sinadarin ya ragu, sai yunwa ta tashi. A 1997 likitocin Kambirij suka sami yara biyu da aka haifa ba su da shi. Yunwarsu ba ta kwanciya, kuma da aka soma yi wa irinsu allurarsa sai cin ya lafa, nauyin ya sauka. Irin wannan larura ba ta da yawa, amma ta tabbatar cewa yunwa da ƙoshi saƙo ne na jiki.

Akwai kuma binciken da ya fi shafar Nijar. A 1976 aka buga sakamakon awon samari kimanin 300,000 a Holan. Waɗanda yunwar 1944 zuwa 1945 ta sami uwayensu a farkon rabin ciki sun fi sauran yawan teɓa a shekara 19. Ke nan yunwar uwa tana iya barin tabo a jikin ɗa, kuma ƙasar da ta sha fari tana iya haɗa tamowa da teɓa a gida ɗaya.

5. Matsayin daɗin ci

Ba a ce abinci ba shi da hannu ba. Gado bai sake ba daga 1990 zuwa 2022, amma cikin waɗannan shekaru yawan manya masu obésité a duniya ya ninka har ya wuce, kuma masu ita, manya da yara, sun haura biliyan ɗaya. Abin da ya sake shi ne irin abincin da kuma aikin jiki. Gado yana nuna wanda zai fi saurin hawa, zaman birni da abincin kanti suna buɗe masa hanya. Tambayar ita ce ko daɗi ne ke jan mutum.

A cikin shekarun 1990 Kent Berridge na Jami'ar Mishigan ya nuna cewa son abu da jin daɗinsa hanyoyi biyu ne a ƙwaƙwalwa. Ɓerayen da aka raba da sinadarin dopamin sun daina neman abinci, amma in an ɗiga musu ruwan sukari a baki suna nuna alamar jin daɗi kamar kullum. A 2019 Kevin Hall, a Amurka, ya ajiye mutum 20, ya ba su abincin masana'anta na mako biyu da abincin da aka girka daga ɗanyen kaya na mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun ƙara cin kalori wajen 500 a yini, suka ƙaru da kusan kilo guda. Da aka tambaye su, ba su ce ya fi ɗayan daɗi ba. Abin da aka gani shi ne sun fi saurin cinye shi. Da'awa ta biyu ma ba ta tsaya ba.

Hausa ta riga ta rarrabe waɗannan abubuwa. Yunwa buƙatar jiki ce. Marmari shi ne begen wani abinci da aka daɗe ba a ci ba, ko da ciki a cike yake. Santi shi ne daɗin da ke kama mai ci har magana ta kuɓuce masa, abin raha ne a bakin akushi. Ginsa ita ce gajiya da abinci guda, wadda Barbara Rolls ta auna a 1981 ta nuna cewa wanda wani abinci ya ginshe shi yana iya buɗe ciki ga wani daban. Ƙoshi shi ne tsayawar buƙata. Kwaɗayi da haɗama da zari kuwa kalmomin tarbiyya ne: da aka ce kwaɗayi mabuɗin wahala, ana maganar mai sa ido a kan abin hannun wani ne, kuma ramamme ma yana iya zama makwaɗaici.

6. Abin da ya shafi masu tsara littattafai

Daga wannan tarihi abubuwa huɗu suka fito. Na farko, kada a fassara obésité da ƙiba kurum, domin mai karatu zai ji ana kushe abin da ya sani da alheri, ya rufe littafin. Teɓa ta fi kusa, ko kuwa a ce ƙibar da ta wuce kima, a haɗa ta da hawan jini da ciwon sukari, waɗanda su ne dalilin gargaɗin.

Na biyu, a fitar da kwaɗayi daga darasin lafiya. Zargi ne wanda bincike bai tabbatar ba, kuma macen da aka kira makwaɗaiciya a gaban aji ba ta komowa. Darasi ya yi magana a kan abin da ake iya sakewa: yawan sukari a shayi da lemun kwalba, yawan mai a suya, zama wuri ɗaya.

Na uku, a raba ƙiba da kumburi. Yaron da ƙafafunsa da fuskarsa suka kumbura saboda tamowa, irin wadda Cicely Williams ta bayyana a 1935 da kalmar kwashiorkor ta harshen Ga na Gana, yana bakin haɗari ne ko da ya yi nauyi a hannu. Haka nan ƙwayoyin da ake sayarwa a kasuwa da sunan sha ka fashe: masu ɗauke da dexamethasone suna tara ruwa, su kumbura fuska, su tada sukari da hawan jini. Kallon kitse ne ake yi wa rogo.

Na huɗu, kafin a tsayar da jerin kalmomi, ya kamata a gwada su a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Dogonduci, a ji wace ce yabo, wace ce zagi, a bakin mata da na maza, domin nauyin kalma yana sakewa daga wannan kari zuwa wancan. Littafin da zai gargaɗi ɗan birni game da teɓa shi ne dai zai shiga hannun uwar da ke fama da ramar ɗanta a ƙauye, saboda haka dole kalmominsa su yi wa su biyun daidai.