Maganin ciwon dajin babban hanji da aidin mai haske

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara, yana iya kama babban hanji, wato hanjin da kashi ke bi kafin ya fita. Wannan shafi zai bayyana maka wata hanya da masana suka gwada domin yaƙar cutar.

Mene ne wannan magani?

A cikin jininka akwai wasu ƙananan sinadarai da ke gane cuta su manne mata. Za mu kira su ƴan garkuwa. A shekarar 1975 masana biyu, Kohler da Milstein, suka gano a Ingila yadda za a ƙera ƴan garkuwa iri ɗaya masu neman abu guda kawai. Kafin nan, a 1965, an gano a Kanada cewa yawancin ƙwayoyin ciwon dajin hanji suna ɗauke da wata alama da ake kira CEA.

Sai masana suka haɗa abubuwan biyu. Suna ɗaura wa ɗan garkuwa wani nau'in aidin da ake kira aidin 131. Ba shi ne na cikin gishirin miya ba. Wannan yana fitar da haske marar ganuwa mai kashe ƙwayoyin jiki. Ana zuba maganin ta jijiya. Ɗan garkuwa ya nemi alamar ya manne, hasken kuma ya ƙone ƙwayoyin ciwon da ke kusa.

Ƙarfi da iyakarsa

Hasken da ke kashe ciwon ba ya wuce kamar milimita 2 a cikin nama. Don haka ya fi amfani ga ƙananan burbushin ciwo. Babban ƙari kuwa, maganin ba ya ratsa shi sosai. Ƙarfin aidin 131 yana raguwa da rabi duk kwana 8.

Maganin yana da illa. Yana raunana ɓargo, inda jiki ke yin jini, sai jini ya ragu na ƴan makonni. Aidin kuma yakan taru a halittar wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Shi ya sa ake fara ba majinyaci aidin marar haske domin kare ta.

Ina aka kwana?

A 2005 likitocin garin Gottingen na Jamus suka ba da rahoton gwaji kan majinyata 23 da aka yi wa aiki bayan ciwon ya kai hanta. Sakamakon ya ba da fata, amma mutanen sun yi kaɗan. Har yau ba a amince da wannan hanya a matsayin maganin ciwon dajin hanji ba. Abin da aka dogara da shi shi ne aikin tiyata da magungunan daji da ake sha ko ake sa wa ta jijiya.

Me ya kamata ka yi?

Idan ka ga jini a kashinka, ko zawo da taurin ciki suna yi maka canji na makonni, ko kana ramewa ba dalili, kada ka ce basir ne ka zauna. Je asibiti a duba ka. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji. Ciwon da aka gano da wuri, sau da yawa aiki kaɗai yana warkar da shi. Wanda ya ce zai sayar maka da wannan sabon magani, kada ka ba shi kuɗinka.