BABI NA BIYU: TARIHIN KOYAR DA KARATU TA HANYAR SAUTIN BAƘAƘE A SAKKWATO

2.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a bi tarihin yadda ake koya wa ƙananan yara karatu a birnin Sakkwato, tun daga makarantar allo har zuwa shirye-shiryen da aka gudanar a makarantun firamare bayan shekarar 2009. Abin nufi da hanyar sautin baƙaƙe shi ne a fara koya wa yaro sautin da kowane baƙi ko wasali yake wakilta, sannan ya riƙa haɗa su ya tayar da gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma. Mutane da dama suna ɗaukar hanyar a matsayin baƙuwa daga Turai. Babin zai nuna cewa tana da tushe a gida, kuma sanin wannan tushe zai taimaki malamin aji ɗaya a unguwa irin ta Gidan Dare, wadda ita ce farfajiyar wannan bincike.

2.1 Makarantar Allo

Tun kafin Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ƙasar Hausa tana da tsararriyar hanyar koyar da karatu. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙara mata ƙarfi, har Nana Asma'u (1793-1864) ta kai ilimi ga matan karkara ta hannun 'yan taru.

A makarantar allo yaro yakan fara da haddar gajerun surori da ka. Daga nan sai a shiga babbaƙu, wato sanin haruffa ba tare da wasali ba. Malamai sun raɗa wa haruffan sunaye bisa siffarsu, kamar ba-guje da mim-jaye da ha-kuri da an-baki-wofi, domin yaro ya gane su da ido. Bayan babbaƙu sai farfaru, inda ake ɗora wa baƙi wasali bisa ko wasali ƙasa ko rufu'a, yaro ya furta gaɓar da ta tashi. Sai ya ƙware a nan ake barinsa ya karanta aya a haɗe.

Idan aka yi la'akari da wannan tsari za a ga matakai uku: baƙi, gaɓa, kalma. Waɗannan su ne matakan hanyar sautin baƙaƙe. Bambancin da ke akwai shi ne, makarantar allo tana farawa da sunan harafi kafin sautinsa, kuma harshen da yaro yake karantawa Larabci ne, wanda bai san ma'anarsa ba tukuna.

2.2 Zuwan Boko

Turawan mulkin mallaka sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Ba a daɗe ba Razdan Burdon ya buɗe wata 'yar makaranta a birnin domin 'ya'yan sarakuna. A Kano kuwa, Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa ta Nasarawa a 1909, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan Romawa. Cikin shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ.

Wannan aiki ya samar da rubutu mai sauƙin koyo. A Hausar boko kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake da shi, wasula biyar ne, kuma gaɓa takan zo da baƙi da wasali, wani lokaci da baƙi a ƙarshe. Saboda haka makarantun elementare suka ɗauki hanyar gaɓa: ba, be, bi, bo, bu. Yaron da ya riga ya yi farfaru bai ga wani abin mamaki a ciki ba. Da irin wannan hanya aka koyar da manya lokacin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, kuma littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu suka daɗe a hannun 'yan firamare.

Sai dai rubutun bai rasa giɓi ba. Ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka kalmar gari tana iya nufin wurin zama ko kuma abin tuƙa tuwo. Har wa yau, an gina daidaitacciyar Hausa a kan karin harshen Kano. Yaron Sakkwato yana cewa tahi da biyat da hwaɗi, amma a littafi sai ya tarar da tafi da biyar da faɗi.

2.3 Daga 1976 zuwa 1999

A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi tanadi, aka ɗebi malamai da yawa bayan ɗan gajeren horo. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da azuzuwan farko da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankin, amma ƙarancin littattafai da sha'awar iyaye ga Ingilishi suka hana a bi ta yadda ya kamata.

Abin da ya biyo baya shi ne, yaro yakan rera sunayen haruffan Ingilishi daga farko har ƙarshe, ya kuma maimaita abin da malami ya faɗa daga allo, ba tare da ya san sautin da harafi yake bayarwa ba. Ga misali, baƙin c shi ne farkon kalmar ciki a Hausa, amma a Ingilishi yakan fito da sautin k ko s, sunansa kuma si. Yaro ɗan shekara shida da aka haɗa masa waɗannan duka a zango ɗaya dole ya ruɗe. Ko da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a nan Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, wannan matsala tana nan.

2.4 Dawowar Hanyar Sauti

A Ingila ma an daɗe ana muhawara tsakanin masu koyar da kalma ɗungum da masu koyar da sauti. Rahoton Rose na 2006 ya goyi bayan hanyar sauti, kuma tsarin Jolly Phonics, mai koyar da sautukan Ingilishi 42, ya yaɗu har ya iso makarantun gwamnati a Nijeriya.

A jihohin Sakkwato da Bauchi, hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta tallafa wa wani shirin ilimi daga 2009. Gwajin karatun Hausa da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwa a ƙarƙashinsa ya nuna mafi yawansu ba sa iya karanta ko da kalma ɗaya. Wannan ya sa aka jarraba koyar da karatun Hausa a aji biyu tsakanin 2014 da 2015, sannan aka fito da littattafan Mu Karanta! na aji ɗaya zuwa uku. Darussansu suna farawa da sauraren sauti, sai baƙi, sai gaɓa, sai kalma, sai ɗan gajeren labari. Ke nan an koma ga matakan babbaƙu da farfaru, amma cikin harshen da yaro yake ji.

Batun harshen koyarwa kuwa bai zauna wuri ɗaya ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da firamare gaba ɗaya da harshen uwa, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya ba da sanarwar soke wannan manufa da komawa ga Ingilishi.

2.5 Naɗewa

Kamar yadda bayani ya gabata, yaron Gidan Dare da yake zuwa makarantar allo ko Islamiyya, yake kuma zuwa firamare, yana fuskantar tsarin rubutu uku: na Larabci da na Hausar boko da na Ingilishi. Tarihi ya nuna an fi samun dacewa a lokutan da aka bi mataki-mataki, aka ɗora sabon sani a kan wanda yaro ya zo da shi daga gida. Tun da Hausar boko ce ta fi daidaito tsakanin baƙi da sauti, ita ta fi cancanta a fara da ita, malami yana lura da bambancin Sakkwatanci da abin da ke rubuce. A babi na uku za a duba yadda malaman aji ɗaya suke gudanar da darasin karatu a makarantun wannan unguwa.