Kakuri, Unguwar da Auduga Ta Raina

Baƙon da ya zo Kaduna akan kai shi Lugard Hall da Arewa House, a ce ya ga tarihi. Ni kuwa gada nake tsallakawa da shi zuwa kudancin kogi, domin a nan garin ya ci guminsa.

Ƙasar Gwarawa ce tun fil azal. Jirgin ƙasa ne ya fara sauya ta: layin Legas zuwa Kano ya ratsa ta nan, kuma bayan Turawa sun dawo da hedikwatarsu daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, aka haɗo layin gabas a 1927. Ga dogo, ga ruwan kogi, ga audugar Funtuwa da Gusau. Shi ya sa gwamnatin Sardauna ta zaɓi Kakuri ta kafa masaƙar KTL a 1957, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila. Akoko ta fara saƙawa. Masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964 da jarin 'yan Hong Kong, Arewa Textiles kuma da hannun Japanawa. A 1964 ɗin aka kafa masana'antar makamai ta DICON, wadda Jamusawan Fritz Werner suka harhaɗa, sannan Peugeot ta iso a 1975.

Mahaifina masaƙi ne a ɗaya daga cikin masaƙun nan, kuma da jiniya muka san lokaci, ba da agogo ba. In an tashi daga aiki titi yakan cika da kekuna har ka rasa wurin taka ƙafa. Bahaushe, Bakataf, Tibi, Bayarabe, inji ɗaya, kwanon tuwo ɗaya. Daga cikinsu jagoran ƙwadago Adams Oshiomhole ya taso a Arewa Textiles. Ranar albashi mai koko da tela da mai gidan haya duk sun san wata ya yi, Kasuwar Monday kuwa sai wanda ya gani.

Rashin wuta da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da masaƙun. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi a 2007. Asibitin St. Gerard da Kwalejin Sarauniya Amina suna nan suna aiki, amma masaƙun ciyawa ta cinye harabarsu.

Abin da ke damuna shi ne dattawan da suka juya injinan nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ko zaure guda ne a keɓe a cikin KTL, a ajiye inji da samfurin yadi da katin ma'aikata, a kuma naɗi muryoyinsu tun suna iya ba da labari.