Rumun Ndur

Rumun Ndur (an haife shi a ranar 7 ga watan Yuli, shekarar 1975) tsohon ƙwararren ɗan wasan hokin ƙanƙara ne ɗan ƙasar Kanada, haifaffen birnin Zariya a arewacin Najeriya. Ɗan baya ne, kuma shi ne mutum na farko da aka haifa a Najeriya da ya taka wasa a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Tsakanin shekarar 1996 da 2000 ya buga wasanni 69 a gasar, tare da ƙungiyoyin Buffalo Sabres da New York Rangers da Atlanta Thrashers. An fi saninsa da ƙarfin jiki da dambe a kan ƙanƙara fiye da cin ƙwallo.

Wasan da sunansa

A Hausa ana kiran hokin da ake bugawa a kan ciyawa da sunan ƙwallon gora, saboda sandar da ake kaɗa ƙwallon da ita. Na ƙanƙara kuwa wasu na cewa ƙwallon gora na ƙanƙara, wasu hokin ƙanƙara. Kalmar ƙanƙara a nan ba ta nufin wadda ke zubowa da ruwan sama, ko wadda ake sanyaya zoɓo da ita. Ruwa ne ake daskararwa ya zama daɓe mai santsi, tsawonsa kimanin mita 61, faɗinsa mita 26 a filayen NHL, wato bai kai rubu'in filin ƙwallon ƙafa ba. 'Yan wasa na sanya takalma masu ƙarfe mai kaifi a ƙasa, su riƙa sulalewa da gudu. Abin da ake bugawa ma ba ƙwallo ba ne, ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, nauyinsa kusan giram 170, sai dai idan ya shiga raga ana cewa an ci ƙwallo kamar yadda aka saba. Kowace ƙungiya na da mutum shida a fili: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ana raba wasan kashi uku, kowanne minti 20.

Rayuwar farko

An haifi Ndur a Zariya a lokacin da ake kiran jihar da sunan Jihar Arewa ta Tsakiya, kafin a mayar da sunanta Kaduna a shekarar 1976. Iyalinsa sun yi ƙaura zuwa Kanada tun yana ƙarami, kuma ya tashi a Hearst, wani ƙaramin gari a arewacin lardin Ontario inda akasarin mazauna ke magana da Faransanci. Gari ne na masu sana'ar katako, wanda dusar ƙanƙara ke rufe shi tsawon watanni a kowace shekara. A irin waɗannan garuruwa yara na koyon tafiya a kan ƙanƙara ne kamar yadda yaran Zariya ko Tudun Wada ke koyon murza ƙwallo a fili bayan la'asar.

A shekarar 1992 ya shiga ƙungiyar Guelph Storm da ke gasar matasa ta Ontario, wadda ake kira OHL, ɗaya daga cikin gasannin da NHL ke ɗibar 'yan wasa daga cikinsu. Ya yi kaka uku a can. Cikin abokan wasansa akwai Todd Bertuzzi da Jeff O'Neill, waɗanda daga baya suka yi suna a NHL. A kakarsa ta ƙarshe, 1994 zuwa 1995, Guelph ta kai wasan ƙarshe na gasar amma ta sha kashi a hannun Detroit Junior Red Wings.

Zaɓen 1994 da kofin Calder

A NHL ba a sayen matasa kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafar Turai. Duk shekara ƙungiyoyi na taruwa su zaɓi matasa bi da bi, ƙungiyar da ta fi rauni a kakar da ta wuce ita ke samun damar zaɓe da wuri. A zaɓen shekarar 1994, wanda aka yi a birnin Hartford, Buffalo Sabres ta ɗauki Ndur a zagaye na uku, shi ne na 69 a jerin. Abin mamaki, adadin wasannin da ya buga a NHL a duk rayuwarsa ma 69 ne.

Buffalo ta tura shi reshenta, Rochester Americans, da ke gasar AHL, wadda ke mataki na biyu a ƙasa da NHL. A kakarsa ta farko, 1995 zuwa 1996, Rochester ta lashe kofin Calder a ƙarƙashin koci John Tortorella, bayan ta doke Portland Pirates a wasa na bakwai na zagayen ƙarshe. Yawancin shekarunsa uku na farko a matsayin ƙwararre a Rochester ya yi su, ana kiransa Buffalo jefi-jefi idan an buƙace shi.

A gasar NHL

Ya fara bayyana a NHL a kakar 1996 zuwa 1997. Wasanni 11 kacal ya buga wa Buffalo cikin kaka uku, ba tare da ya ci ƙwallo ba. Akwai wata doka a gasar da ta ce idan ƙungiya za ta mayar da ɗan wasan da ya ɗan kwana biyu zuwa ƙaramar gasa, dole ta fara sanar da sauran ƙungiyoyi, duk mai so ta ɗauke shi. Ta wannan hanya New York Rangers ta ɗauki Ndur a watan Disamba na 1998. Buffalo ɗin da ya bari ta kai wasan ƙarshe na kofin Stanley a ƙarshen wannan kakar, inda Dallas Stars ta doke ta.

A New York ne ya yi kakarsa mafi kyau: wasanni 31, ƙwallo ɗaya, da taimako uku. Ya zo daidai da kakar ƙarshe ta Wayne Gretzky, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanayen wasan, kuma wanda ya yi ritaya a watan Afrilu na 1999 yana sanye da rigar Rangers. A watan Disamba na 1999 Atlanta Thrashers ta ɗauke shi ta irin waccan hanya. Sabuwar ƙungiya ce a kakarta ta farko, kuma ta sha wuya, domin wasanni 14 kawai ta ci cikin 82. Ndur ya buga mata wasanni 27, ya ci ƙwallo ɗaya. Daga nan bai sake komawa NHL ba. Jimillar abin da ya bari a gasar shi ne ƙwallo 2, taimako 3, da minti 137 na zaman hukunci.

Aikin dogari

Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi bayyana irin aikin da ake ɗaukarsa ya yi. A hoki idan ɗan wasa ya yi laifi, ana tura shi wani ɗan keji a gefen fili ya zauna minti biyu ko biyar. A NHL, idan mutum biyu suka yar da safar hannu suka kama dambe, alƙalai kan bar su har sai ɗaya ya faɗi ko sun gaji, sannan a ba kowanne minti biyar, ba tare da an kore shi daga wasan ba. A gasar Olamfik kuwa kora ake yi. Saboda haka ƙungiyoyin Arewacin Amurka na wancan zamani kan ajiye ƙato ɗaya ko biyu a matsayin dogarai, aikinsu shi ne su rama wa gwanayen ƙungiyar idan aka taɓa su, su kuma sa abokan hamayya shakka. Ndur, mai tsawon kimanin santimita 188 da nauyin kusan kilo 100, yana cikin irin waɗannan.

Aiki ne mai farin jini a wurin 'yan kallo, amma ba shi da tabbas, domin dogari shi ake fara sallama idan ƙungiya na neman gurbi. Yana kuma cin jiki. A shekarar 2011 wasu 'yan wasa uku da aka sani da wannan aiki, Derek Boogaard da Rick Rypien da Wade Belak, sun mutu cikin 'yan watanni, kuma binciken da aka yi wa ƙwaƙwalwar Boogaard ya nuna cutar da yawan bugun kai ke haifarwa. Tun daga lokacin dambe ya ragu sosai a NHL.

Danbury Trashers

Bayan Atlanta, Ndur ya ci gaba da wasa a ƙananan gasanni a Amurka da Turai. Zaman da aka fi tunawa da shi shi ne na Danbury Trashers a jihar Connecticut, ƙungiyar da James Galante, mai kamfanonin kwasar shara, ya kafa a shekarar 2004 a gasar UHL, ya kuma naɗa ɗansa A.J. mai shekara 17 ya shugabance ta. Kakar farko ta ƙungiyar ta zo daidai da shekarar da rikicin albashi ya hana buga NHL gaba ɗaya. Da gangan aka tara mafaɗata a cikinta, kuma magoya baya suka yi wa Ndur laƙabi da Turanci mai ma'anar dodon Najeriya.

A watan Disamba na 2004, a wasansu da Kalamazoo Wings, abokin wasansa Brad Wingfield ya karye a ƙafa, faɗa ya ɓarke, kuma hukumar gasar ta dakatar da Ndur wasanni 20. Ƙungiyar ta rushe a shekarar 2006 bayan gwamnatin tarayyar Amurka ta gurfanar da Galante kan laifukan da suka shafi harkar kasuwancinsa, aka kuma ɗaure shi daga baya. A shekarar 2021 Netflix ta fitar da shirin gaskiya kan ƙungiyar mai suna Untold: Crime & Penalties, wanda ya sa mutane da yawa suka fara jin sunan Ndur.

A kakar 2006 zuwa 2007 ya buga wa Coventry Blaze ta Ingila, wadda ta lashe gasar Birtaniya a wannan kakar.

'Yan asalin Najeriya a NHL

Baƙar fata na farko da ya buga NHL shi ne Willie O'Ree, tare da Boston Bruins, a ranar 18 ga Janairu, 1958. Bayan Ndur, Akim Aliu, haifaffen Okene (da ke Jihar Kogi a yau) a shekarar 1989, ya buga wa Calgary Flames wasanni bakwai. A shekarar 2019 Aliu ya bayyana cewa koci Bill Peters ya taɓa yi masa kalaman wariyar launin fata, lamarin da ya sa kocin ya ajiye aiki. Akwai kuma waɗanda iyayensu maza 'yan Najeriya ne amma aka haife su a waje, kamar Jarome Iginla, wanda ya ci ƙwallo 625 a gasar, da Kyle Okposo, wanda ya ɗaga kofin Stanley tare da Florida Panthers a shekarar 2024.