Girgizar ƙasar da ta azurta tsibirin Rodos

Wajen shekara ta 226 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), girgizar ƙasa ta auka wa Rodos, tsibirin Girkawa da ke daura da gaɓar Turkiyya ta yau. Ta rushe babban sashe na ganuwar birnin da wuraren ƙera jiragen ruwa. Ta kuma karya ƙaton gunkin tagulla na Heliyos, allahn ranarsu, mai tsawon kimanin mita 33, daga daidai gwiwa.

Masanin tarihi Polibiyus ya ce mutanen Rodos sun sarrafa wannan masifa har ta zame musu riba. Sun tura jakadu fadojin sarakuna, suna bayyana girman ɓarnar cikin natsuwa da kamun kai, ba da muryar mabarata ba. Sarakuna kuwa suka shiga rige-rigen kyauta. Batlamiyus na Uku, sarkin Masar, ya yi alkawarin talanti 300 na azurfa (talanti guda ya kai kusan kilo 26), da alkama mudu miliyan guda a ma'aunin Masar, da katakon jiragen yaƙi, da manyan magina 100 da ma'aikata 350 waɗanda shi zai riƙa biya. Hiyero na Sirakus, a tsibirin Sisili, bayan kuɗin da ya aika, ya yafe wa jiragen Rodos kuɗin fito. Sarakunan Makidoniya da Siriya ma ba su yarda a bar su a baya ba.

Tausayi kaɗai bai isa ya bayyana wannan ba. Rodos ce mahaɗar cinikin hatsi a gabashin Bahar Rum, jiragenta ne kuma ke fatattakar 'yan fashin teku. Hatsin Masar ta hannun fataken Rodos yake isa kasuwanni da yawa, saboda haka Batlamiyus hanyar kasuwarsa yake gyarawa. Ga kuma suna: sarkin da ya yi rowa a irin wannan rana, duk duniyar Girkawa za ta ji.

Shi kuwa gunkin, duk da tagullar da Masar ta yi tayin bayarwa don a sake tsai da shi, mutanen Rodos sun ƙi. Istirabo ya ce wani saƙon duba ne ya hana su. Haka ya kwanta a ƙasa ƙarni bayan ƙarni, matafiya na zuwa kallo, har Filini Babba ya rubuta cewa mutane ƙalilan ne hannuwansu ke iya zagaye babban yatsansa.