Peter Tabichi

Peter Mokaya Tabichi (an haife shi a shekarar 1982) malamin lissafi da kimiyya ne ɗan ƙasar Kenya, kuma ɗan ɗariƙar Faransiskan ta cocin Katolika. A shekarar 2019 ya lashe kyautar Global Teacher Prize, inda ya zama ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Tasowa da karatu

An haifi Tabichi a yankin Nyamira da ke yammacin Kenya. Mahaifinsa malamin firamare ne, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana da shekara 11. Ya yi karatun koyarwa a Jami'ar Egerton. Ya fara aiki a wata makarantar kuɗi, daga baya ya bar ta ya koma koyar da 'ya'yan talakawa a karkara.

Aikin koyarwa

Makarantar da ya yi suna a cikinta ita ce sakandaren jeka-ka-dawo ta Keriko, a ƙauyen Pwani na yankin Nakuru, inda fari da yunwa ke yawan addabar jama'a. Lokacin da aka karrama shi, kashi 95 cikin 100 na ɗaliban 'ya'yan talakawa ne, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma marayu ne ko masu iyaye ɗaya. Kowane malami yana da ɗalibai 58, kwamfuta ɗaya ce tak a makarantar, wasu yaran kuma sukan taka kilomita 7 kafin su iso aji.

A wancan lokacin, Tabichi yakan bayar da kashi 80 cikin 100 na albashinsa don taimaka wa mabuƙata. Ya faɗaɗa ƙungiyar kimiyya ta makarantar, ya kafa ta zaman lafiya don haɗa kan yaran ƙabilu daban-daban, yana kuma koyar da ɗalibai masu rauni a ƙarshen mako. Saboda rashin ingancin intanet a ƙauyen, yakan je shagon intanet ya sauko da darussa ya kawo aji.

A cikin shekara uku yawan ɗaliban ya ninka zuwa 400. A gasar kimiyya da injiniyanci ta ƙasa ta 2018, ɗalibansa sun nuna wata na'ura da ke taimaka wa makafi da kurame auna abubuwa. Sun kuma samu lambar yabo daga Royal Society of Chemistry ta Birtaniya bisa samar da lantarki daga tsirrai.

Karramawa

A ranar 24 ga Maris, 2019, Gidauniyar Varkey ta ba shi kyautar dala miliyan 1 a birnin Dubai, bayan an zaɓe shi daga cikin malamai kusan 10,000 na ƙasashe 179. Ɗan wasan kwaikwayo Hugh Jackman ne ya miƙa masa kyautar. A wannan shekarar kuma asusun Education Cannot Wait ya naɗa shi jakadan ilimin yaran da rikici ko bala'i ya shafa.